An saka raga a jijiyar zuciya amma ƙirji bai daina ciwo ba: me ke faruwa?

Ranar 22 ga Nuwamba, 2000, Amurka na tsaka da rikicin ƙidayar ƙuri'un jihar Fulorida, ba a san wanda zai gaji Bill Clinton tsakanin George W. Bush da Al Gore ba, aka garzaya da Dick Cheney, abokin takarar Bush, asibitin Jami'ar George Washington. Bugun zuciya ne ya same shi, karo na huɗu a rayuwarsa. Likitoci suka gano jijiyar da ta ƙuntace, suka buɗe ta, suka saka mata ƙaramar ragar ƙarfe da ake kira sitent, cikin 'yan kwanaki aka sallame shi.

Ranar 5 ga Maris, 2001, mako shida da rantsar da shi a matsayin mataimakin shugaban ƙasa, Cheney ya koma asibitin nan da ciwon ƙirji. Da aka ɗauki hoton jijiyoyinsa sai aka tarar wurin da aka saka ragar ya sake tsukewa, sai da aka sake buɗe shi. Mutum ne da ƙwararrun likitoci ke kewaye da shi dare da rana, babu maganin da ya fi ƙarfin aljihunsa, amma aikin bai cika wata huɗu ba ciwon ya dawo.

An samu ci gaba sosai a ƙirar sitent daga wancan lokaci zuwa yau, sai dai matsalar ba ta kau ba. Rahotannin bincike daban-daban sun nuna cewa tsakanin kashi 20 zuwa 40 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa wannan aiki suna ci gaba da jin ciwon ƙirji, ko ciwon ya dawo musu, cikin shekarar farko. Wani ciwon ba shi da wani haɗari, wani kuma yana iya hallaka mutum cikin sa'a guda, kuma mai jin ciwon ba zai iya bambance su da kansa ba a kowane lokaci.

Abin da ragar ke yi

Zuciya tsoka ce, kuma kamar kowace tsoka tana buƙatar jini. Jijiyoyin da ke ciyar da ita suna kwance a bayanta, faɗin manyansu bai wuce milimita 3 zuwa 4 ba. Shekara da shekaru kitse da wasu ƙwayoyin halitta suna taruwa a cikin bangon jijiyar, hanyar jini ta riƙa matsewa. Hawan jini, ciwon suga, shan taba, yawan kitse a jini da gado su ne ke hanzarta wannan taruwa. Idan mutum yana zaune, ɗan jinin da ke wucewa ya ishi zuciya. Da ya hau bene ko ya yi sauri ko ransa ya ɓaci, zuciya ta nemi ƙari, jijiya ta kasa bayarwa, sai ya ji kamar an ɗora masa dutse a ƙirji. Idan kuwa tarin kitsen ya fashe, jini ya daskare a kansa ya toshe hanyar gaba ɗaya, shi ne abin da aka saba kira bugun zuciya, inda wani sashe na tsokar ke fara mutuwa.

A watan Satumban 1977 wani likita Bajamushe, Andreas Grüntzig, ya zura siririn bututu mai balan-balan a bakinsa cikin jijiyar zuciyar wani mutum ɗan shekara 38 a birnin Zurik na Suwizalan, ya hura balan-balan ɗin ya buɗe hanyar ba tare da an tsaga ƙirji ba. Aibin wannan dabara shi ne kusan kashi ɗaya bisa uku na jijiyoyin da aka buɗe suna sake tsukewa cikin watanni. A 1986 Jacques Puel a Faransa da Ulrich Sigwart a Suwizalan suka fara barin raga a wurin don ta tokare bangon. Raga ta ƙarfe zalla ta rage sake tsukewar zuwa kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari, kuma irinta aka saka wa Cheney. A 2003 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da ragar farko mai ɗauke da magani a jikinta, wanda ke tsiyaya a hankali yana hana tsiron nama. Da irin wannan raga, wadda ita ake amfani da ita yanzu kusan ko'ina, adadin ya sauka ƙasa da kashi 10.

Tsawon raga ɗaya yawanci bai kai santimita 4 ba. Ita kuwa cutar tana bin bangon jijiyoyin zuciya daga tushe har rassa. Ragar tana gyara inda matsewar ta fi tsanani ne kawai, kamar a gina kwalbati a wuri guda a kan magudanar da yashi ya cika ta tun daga sama. Mafi yawan ruɗanin da marasa lafiya da iyalansu ke shiga daga nan yake tasowa, domin sun baro asibiti da tunanin an cire cutar.

Ciwon kwanakin farko

A kwana ɗaya ko biyun farko, wasu sukan ji wani ciwo mai ɗan naci a wuri guda a ƙirji, wanda ba ya ƙaruwa da tafiya ko aiki. Sau da yawa miƙewar da bangon jijiyar ya yi ne lokacin da aka hura balan-balan da ƙarfi, kuma yakan lafa da kansa. Amma a daidai wannan lokaci ne kuma abubuwa masu haɗari suka fi aukuwa: bangon jijiya ya ɗan yage a bakin ragar, ko ragar ta danne bakin wani ƙaramin reshe ta toshe shi. Don haka likita ba ya yanke hukuncin cewa miƙewa ce sai ya duba gwajin ECG, ya kuma auna sinadarin da tsokar zuciya ke saki a jini idan ta ji rauni.

Mafi muni shi ne jini ya daskare a cikin ragar kanta. Jiki yana ɗaukar ƙarfen a matsayin baƙon abu, kuma kafin sabuwar fata ta tsiro ta lulluɓe shi, ƙwayoyin jini masu haɗa gudaji suna maƙalewa a jikinsa. Wannan ne dalilin da ake haɗa wa mutum magani biyu masu hana daskarewar jini: asfirin, da ɗaya daga cikin kulofidogirel, wanda aka fi sani da Plavix, ko tikagirelo, wato Brilinta, ko wani makamancinsu. A bisa ƙa'idar da aka fi bi, wata shida ake shan biyun tare idan ciwon ƙirji na yau da gobe ne ya kai mutum ga aikin, wata goma sha biyu idan bugun zuciya ne, sannan a ci gaba da ɗaya. Likita kan rage ko ya ƙara wa'adin gwargwadon haɗarin zubar jini. Ga mai shan maganinsa, toshewar raga ta wannan hanya ba ta cika kai kashi ɗaya cikin ɗari ba a shekarar farko. Babban abin da ke jawo ta shi ne barin maganin kafin lokaci, kuma idan ta zo ba ta sallama, bugun zuciya ne kai tsaye.

Ita kuwa sake tsukewa irin ta Cheney a hankali take zuwa. Nama ne ke tsirowa ta cikin ramukan ragar kamar tabon ciwo, yawanci tsakanin wata uku zuwa shekara guda, wani lokaci ma bayan haka. Alamarta ita ce tsohon ciwon ya dawo da kamanninsa: ya zo idan an motsa, ya tafi idan an huta, kuma tazarar da mutum ke iya takawa kafin ya ji shi ta riƙa raguwa. Masu ciwon suga, da waɗanda jijiyarsu siririya ce, da waɗanda aka jera musu raga mai tsawo ko ragar ba ta buɗe sosai ba, sun fi fuskantar haka.

Akwai kuma waɗanda tun farko matsewar tasu ba a wuri ɗaya take ba. An buɗe wadda ta fi tsanani an bar saura, ko dai da niyyar a dawo musu daga baya, ko saboda ba sa buɗuwa, ko kuma saboda kuɗin raga ɗaya iyali suka iya haɗawa.

Idan hoto ya nuna komai lafiya

Ɓangaren da ya fi wahalar da marasa lafiya shi ne a sake ɗaukar hoton jijiyoyin, a ga ragar a buɗe, babu wata sabuwar matsewa, amma ciwon yana nan. A da, irin wannan mutum akan ce masa zuciyarsa ƙalau take, damuwa ce kawai, ya koma gida ya kwantar da hankalinsa. Yanzu an fahimci cewa hoton manyan jijiyoyi kaɗai yake nunawa. Ƙananan rassan da ke kutsawa cikin tsokar zuciya, waɗanda faɗinsu bai kai rabin milimita ba, ba sa fitowa a cikinsa, alhali su ne ke daidaita yawan jinin da ke shiga. Idan suka kasa buɗewa a lokacin da zuciya ke neman ƙari, ciwon da za a ji daidai yake da na toshewar babbar jijiya, kuma babu ragar da za ta shiga cikinsu. An fi ganin wannan a wajen mata, da masu ciwon suga da hawan jini.

Wata jijiyar kuma murɗewa take yi ta matse kanta na 'yan mintuna sannan ta saki. Likitan Amurka Myron Prinzmetal ya bayyana wannan nau'i a 1959. Ciwonsa yakan zo mutum yana hutawa, musamman cikin dare ko da asuba, kuma taba tana tayar da shi. Akwai gwaje-gwajen da ake yi a ɗakin hoton jijiya don tantance waɗannan matsaloli biyu, kuma tantancewar tana da amfani, domin maganin da ke taimakon ɗaya yana iya tsananta ɗayar.

Sai kuma ciwon da ba daga zuciya yake ba sam. Ƙwannafi da gyambon ciki suna kwaikwayon ciwon zuciya ƙwarai, kuma asfirin kansa yana cin bangon ciki. Ciwon haƙarƙari da tsokar ƙirji yakan ƙaru idan an danna wurin ko an juya jiki. Brilinta yana sa wasu jin numfashinsu na sarƙewa ba tare da huhu ko zuciya sun sami matsala ba. Fargaba ma gaskiya ce: wanda ya taɓa ganin mutuwa ido da ido yakan kasa kunne ga kowane motsi na ƙirjinsa. Kuskuren da ake yi shi ne a fara da waɗannan bayanai masu daɗin ji kafin a kawar da masu haɗari.

Gwajin da ya girgiza likitocin zuciya

Ga wanda bugun zuciya ya kama, babu gardama: buɗe jijiyar cikin gaggawa yana ceton rai, kuma kowane minti yana da daraja. Gardamar tana kan masu ciwon ƙirji na yau da gobe, wanda ke zuwa da motsi ya tafi da hutu.

A 2007 aka wallafa sakamakon binciken COURAGE, wanda ya bi marasa lafiya 2,287 a Amurka da Kanada. An ba rabinsu magunguna kaɗai, rabi kuma aka haɗa musu da buɗe jijiya. Bayan kimanin shekara huɗu da rabi, kashi 19 na waɗanda aka yi wa aikin sun mutu ko sun sami bugun zuciya, a ɗaya ɓangaren kuma kashi 18.5. Wato babu bambanci. A ƙarshen shekarar farko, kashi 34 na waɗanda aka buɗe wa jijiya suna jin ciwon ƙirji har lokacin. Binciken ISCHEMIA, mai mutum 5,179 a ƙasashe 37, wanda aka wallafa a 2020, ya kai ga matsaya makusanciya: aikin bai rage mace-mace ba a tsawon lokacin da aka bi su, amma ya sauƙaƙa ciwo ga waɗanda ke yawan jin sa.

A 2017 wata tawaga a Kwalejin Imperial ta Landan, ƙarƙashin Dakta Rasha Al-Lamee, ta yi abin da aka shafe shekara arba'in ba a yi ba. Suka ɗauki mutum 200 masu matsewa mai tsanani a jijiya ɗaya, aka daidaita musu magunguna, sannan aka shigar da kowa ɗakin aiki, aka ba shi maganin barci mai sauƙi, aka toshe masa kunne da kiɗa. Wasu aka saka musu raga, wasu aka zura bututun aka zare ba a yi komai ba, kuma da saninsu suka amince cewa ba za a gaya musu rukunin da suka faɗa ba. Bayan mako shida, ƙarin lokacin da masu raga suka iya yi a kan injin motsa jiki ya ɗara na sauran da kusan daƙiƙa 17 kacal, bambancin da ƙididdiga ba ta ɗauke shi a matsayin tabbatacce ba. Wannan bincike, ORBITA, ya tayar da ƙura sosai.

Tawagar ta sake gwaji a 2023 da mutum 301, a wannan karo aka dakatar da magungunan ciwon ƙirji don a ga aikin ragar ita kaɗai. Sai ta nuna amfaninta a fili: bayan mako 12, kimanin kashi 40 na masu raga sun rabu da ciwon, a rukunin aikin bogi kuma kashi 15. Amma lissafin yana da ɗaya fuskar, domin kusan mutum shida cikin goma da aka buɗe musu jijiya lafiya lau suna jin ciwo har yanzu. Abin da binciken biyu suka nuna a haɗe shi ne raga magani ce ta ciwon ƙirji mai aiki, amma ba ga kowa ba, kuma alƙawarin cewa za ta kawar da ciwon ɗungurungum ya wuce abin da hujja ta tabbatar.

Inda kuɗi ya shigo

Aikin da ake biyan asibiti da likita gwargwadon yawan ragar da aka saka dole ya jawo tambaya. A jihar Merilan ta Amurka, wani asibiti a garin Towson ya aika wa marasa lafiya 585 wasiƙa cewa mai yiwuwa ragar da aka saka musu ba su buƙace ta ba, kuma a 2011 hukumar likitocin jihar ta soke lasisin likitan da ya yi aikin, Mark Midei, wanda ya musanta aikata ba daidai ba. A Indiya, inda ribar da ake ɗorawa tsakanin kamfani da gadon mara lafiya ta zama abin ce-ce-ku-ce, hukumar ƙayyade farashin magunguna ta sa iyaka a watan Fabrairun 2017: rufi 7,260 ga raga ta ƙarfe zalla, rufi 29,600 ga mai ɗauke da magani, ragin da ya kai kashi 85 cikin ɗari a kan wasu nau'o'in.

A Najeriya matsalar ta fi karkata ga rashi. Cibiyoyin da ke da ɗakin hoton jijiya da buɗe ta kaɗan ne, mafi yawansu a Legas da Abuja, don haka masu hali da waɗanda dangi suka yi wa karo-karo sukan nufi Masar ko Indiya. Aikin kansa bai cika wuce sa'a ɗaya ko biyu ba, amma kulawar da ke biye da shi ta sauran rayuwa ce, kuma a gida za a yi ta. Fiye da kashi 70 cikin ɗari na kuɗin da ake kashewa kan lafiya a ƙasar daga aljihun jama'a yake fita kai tsaye, duk da dokar inshorar lafiya ta 2022 da ta wajabta wa kowa shiga tsarin. Iyalin da suka sayar da fili suka biya kuɗin raga su ne kuma za su sayi magani kowane wata da farashin da ke bin dala. Idan kuɗi ya yanke a wata na uku, kuma mara lafiya yana jin sauƙi, maganin hana daskarewar jini ne yakan fara zama abin da za a jinkirta, alhali shi ne wanda jinkirta shi ya fi kisa. Ga kuma jabun magani, wanda mai shansa yana ganin yana cikin kariya.

Wasu halaye na yau da kullum suna ƙara haɗarin. Mai jin zafi a ƙirji yakan ce olsa ce, ya aika kemis a haɗo masa magani. Omefirazol, wanda aka fi bayarwa don olsa, yana rage ƙarfin Plavix, shi ya sa likitoci suka fi zaɓar fantofirazol ga masu raga. Magungunan ciwon jiki irin su dikulofenak da ibufurofen suna ƙara haɗarin zubar jini a ciki idan suka haɗu da asfirin. Ƙwayar da ake sakawa ƙarƙashin harshe idan ciwon ƙirji ya taso, idan ta haɗu da Viagra ko danginsa, tana iya faɗar da awon jini har mutum ya suma ko ya mutu, kuma an sha gano sinadarin Viagra a ɓoye cikin haɗe-haɗen ƙarfin maza da ake tallatawa da sunan na gargajiya. Mai cire haƙori ko mai shirin wata tiyata kan ce a dakatar da maganin jini na mako guda, shawarar da bai kamata a bi ba sai likitan zuciya ya sani. Haka nan azumi: sauya lokacin shan magani abu ne da ake tsarawa da likita tun kafin wata ya kama.

Alamomin da ba a jira da su

Ciwo mai danna ƙirji da ya zo mutum yana zaune, ko ya wuce 'yan mintuna bai lafa ba duk da hutu da ƙwayar ƙarƙashin harshe, ko ya zo da gumi, amai, jiri, sarƙewar numfashi, ko ya miƙa zuwa hannu, wuya, muƙamuƙi ko baya, na asibiti ne nan take, ko da tsakar dare ne, kuma ba mara lafiyar ne zai tuƙa kansa ba. Ga tsofaffi, mata da masu ciwon suga, wani lokaci ba a jin ciwon sosai, sai kasala mai tsanani ko haki ko zafi a saman ciki. Idan asibitin da ke kusa ba shi da ɗakin buɗe jijiya, har yanzu zuwansa ya fi zama a gida, domin ana iya yin ECG, kuma a inda ake da ita akwai allurar narkar da gudan jini.

Ciwon da ke zuwa da motsi ya tafi da hutu ba na gudu cikin dare ba ne, amma na ganin likita ne cikin kwanaki, musamman idan yana ƙaruwa. Sau da yawa ba sabuwar raga ake buƙata ba. Akan ƙara ko a sauya magungunan ciwon ƙirji, a sauke hawan jini da suga, a kuma matsa wa mugun kitsen jini da magungunan sitatin. Ƙungiyar likitocin zuciya ta Turai ta sa ma'aunin ƙasa da miligiram 55 a kowace desilita ga masu wannan cuta tun 2019. Barin taba da shisha, da motsa jiki bisa tsarin da likita ya amince da shi, suna cikin maganin.

Likitan da zai karɓi mara lafiya a Kano ko Sakkwato ko Maiduguri bayan an yi masa aiki a Alƙahira ko Delhi yana buƙatar sanin jijiyar da aka buɗe, nau'in ragar, faɗinta da tsawonta, ranar da aka saka ta, ko akwai wata matsewar da aka bari, da wa'adin da aka ɗibar wa magungunan jini. Duk waɗannan suna cikin rahoton aikin da katin ragar da faifan hoton jijiyoyin, waɗanda haƙƙin mara lafiya ne ya karɓa kafin ya baro asibitin. Ya kamata kwafinsu ya kasance a wayar wani na kusa da shi, domin ranar da za a neme su mai yiwuwa shi ba ya iya magana.